Ambulan ɗin da ban kai posta ba

Lajifarani, Paraku
Lahadi, bayan azahar

Uwata Salamatu,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tare da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Pelebina lafiya, ke da kayanki, babu abin da ya taɓa ki a jar hanyar nan da ta tashi daga Jugu. Allah ya tsare ki a ɗakin da za su ba ki, ya sa ruwan rijiyarsu ya karɓe ki, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci. Innarki tana gaishe ki, ko da yake yanzu haka tana bayan ɗaki tana daka miki yaji, kamar wadda za ta ƙasar da ba a san barkono ba.

Ki yi haƙuri da hannuna. Kin san aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, wannan rubutun Hausar ma a rumfar kasuwa na koye shi. Da baki na so in yi miki maganar, sai na ga in na fara za ki katse ni, kuma za ki fi ni hujja, don kullum kina fi na. Takarda kuwa ba a katse ta. Shi ya sa zan sa ta a saman kayanki, ki gan ta sa'ad da kika buɗe akwati a can.

Bari in fara da laifina. Ambulan ɗin da kika ba ni ranar Alhamis in jefa miki a posta, ban jefa ba. Ga shi nan ƙarƙashin wannan takarda, na ɗaure su da zare ɗaya. Ban buɗe shi ba, Allah ne shaida. Na je har bakin posta, na sayi tambur na manna, na tsaya gaban akwatin har mai gadi ya tambaye ni ko ramin ne ban gani ba. Sai na mai da shi aljihu na wuce rumfa.

Ban buɗe ba, amma na san abin da ke ciki, don ke da kanki kika karanta wa ƙawarki Odet ranar Laraba a tsakar gida, ina zaune ina gyara igiyar guga. Kun ɗauka Faransancina bai kai nan ba. Bai kai in yi magana irin taku ba, amma yana kaiwa in ji. Na ji kin rubuta wa babban malaminku na jami'a cewa kin yi mako guda a kwalejin Pelebina kin duba, kamar yadda aka ce kowannenku ya yi kafin ya tare. Kin ce malamin kimiyya na can, Metir Woru, karanto wa yara kawai yake yi daga wani tsohon kaye, littafin rubutunsa, suna kwafa. Kin ce akwatin kayan gwaji da aka aiko musu shekara uku ke nan yana kulle a ofishin direkta, ko ƙusa ɗaya ba a cire ba. Kin ce har kuskure ya koyar a gabanki a kan yadda ganye ke shan iska. A ƙarshe kika ba da shawara a karɓe darasin daga hannunsa.

Odet ta ce, "Salamatu, kin kashe tsohon nan."

Kika ce, "Ni? Kayensa ne ya kashe shi. Kayen nan fa ya girme ni. In ya buɗe shi sai ya riƙe da hannu biyu kada shafi ya faɗi."

Ta ce, "Bari in je Seru inda aka tura ni in ga nawa malamin, wataƙila a allon ƙarfe yake rubutu."

Kuka yi ta dariya. Ni ma na murmusa, don kin iya kwaikwayon mutum tun kina ƙarama. Amma igiyar da nake tufka sai da na warware ta sau biyu, domin dariyar nan na san ta. Na taɓa yin irinta, kuma har yau ban gama jin ɗacinta ba. Ban taɓa ba ki labarin ba. Yau zan ba ki.

Shekarar da ta biyo bayan saukar tutar Faransa, ina da shekara ashirin da ɗaya, ke kina rarrafe. Muna Jugu a gidan kakanki Alhaji. Ƙafa ta kama shi, ya daina fitowa zaure, ya ce ni zan riƙe ɗakin goro. A ɗakin nan akwai wani tsoho, Baba Gado. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma tun yana saurayi ya bi ayarin kakan kakanki zuwa Gwanja da ƙafa, kuma tun daga nan hannunsa bai bar goronmu ba. Shi ke ɗaurin huhu. Bayan 'yan kwanaki sai ya kwance kowane huhu ya zube a tabarma, ya bi goron ɗaya-ɗaya da yatsa, ya shinshina, ya ware mai sankara, ya sake sabon ganyen fita, ya yi yayyafi, ya mai da ya ɗaure. Bai san ko harafi ɗaya ba. Ni kuwa ina da aji uku da agogon hannu.

Aikin nan ya dame ni. Ganyen fita daga kudu ake kawo shi, da rani sai an sha wuya. Sai wani abokina mai aiki a ma'ajin auduga ya ba ni leda, irin wadda ke cikin buhun taki. Lokacin leda baƙuwa ce a Jugu, mutane har taɓawa suke yi su ji. Na wanke ta tas, na zuba ruwa a ciki na ɗaure, na rataye kwana uku, ko ɗigo bai fita ba. Na ce shi ke nan. Abin da ake nema da ganye da yayyafi ai kada goro ya bushe ne. Ga abin da ba ya barin laima ta fita. Me kuma za a yi da ganye?

Ranar da sabon goro ya sauka daga mota, huhu goma sha biyu, zaure cike da 'yan dako da dillalai, na fito da ledata na ce yau da ita za a ɗaure.

Baba Gado ya murza ta a yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Ɗan Alhaji, wannan goron jiya-jiya aka ɓare shi. Sabon goro zufa yake yi. Yana numfashi."

Na ce, "Baba, goro ne fa, ba jakin ayari ba."

'Yan dako suka fashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara. Na juya na ce wa wani dillali da Faransanci, wanda na san Baba Gado ba ya ji, wai zamanin tsofaffi ya tafi tare da Nasara. Aka sake dariya. Bai ji kalmomin ba, amma ya ga inda idanu suka nufa.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To ka gwada a huhu ɗaya. In ya yi kyau ni zan ɗaure maka sauran da hannuna."

Na ce, "Duka za a ɗaure."

Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki 'yar wuƙarsa, ya fita. Ni da 'yan dako muka ɗaure duka goma sha biyu, muka matse baki kamar ana ɗaure ruwa.

Kwana goma sha ɗaya ban buɗe ba, don ina so in nuna ba a bukatar buɗewa. Ranar da na kwance na farko, zafi ne ya fara bugun fuskata, sannan wari. Goron ya yi gumi a ciki ya dahu da kansa, furfura ta rufe shi, na ƙasa ya yi baƙi yana yauƙi. Na buɗe na biyu, na uku. Na zauna a ƙasa.

Ba wanda ya aika a kira Baba Gado. Warin ne ya kai masa labari. Sai ga shi da tabarmarsa. Ya shimfiɗa, ya ce, "Zubo." Kwana uku muna zaune gwiwa da gwiwa muna tsinta, muna wankewa, muna shanyawa a inuwa. Ya ceto abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A kwana ukun nan bai ce mini "ai na faɗa maka" ko sau ɗaya ba. Iyaka in na ware mai kyau cikin ruɓaɓɓe sai ya mai da shi ya ce, "Wannan yana da rai." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

To ga shawarata ta farko, Uwata. Abin da kika zo da shi daga jami'a, ko kin tabbata da shi kamar sunanki, ki gwada a huhu ɗaya. Ke kika fi ni sanin wannan, ai shi ne karatun naku, na sha jin kina cewa ba a yarda da magana sai an gwada. Amma na lura masu karatu suna gwada ruwa da ƙasa da ganye, in aka zo kan mutum sai su yanke hukunci da kallo ɗaya. Mako guda kika yi a Pelebina. Kallo ɗaya ne.

Kakanki ya kira ni ɗakinsa. Bai yi maganar goron ba sam. Ya ce, "Ka je ka ba Gado haƙuri. A zaure ka yi masa, a zaure za ka ba shi." Na ce to. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa ina juyowa. Na ce bari ƙura ta kwanta. Kafin ta kwanta kunya ta kore ni daga Jugu, don duk inda na bi a kasuwa sai in ji ana cewa ga mai leda nan. Na kwaso ku muka dawo Paraku, na kafa 'yar rumfata kusa da gar, wato tasha. Damina biyu bayan haka wani direba ya tsaya sayen goro, yana tauna yana ce mini, "Af, ka ji tsohonku Gado ya rasu?" Haka na ji. A bakin direba, da goro a bakinsa.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko. Goro ya ruɓe an sayi wani. Haƙurin da ban bayar ba yana nan a wuyana, babu wanda zan kai wa. In kika yi wa wani ba daidai ba a can, kuma za ki yi, don ke mutum ce, kada ki bari rana ta faɗi sau biyu. Ki je tun kunyar tana da zafi. In ta huce ba ta tafiya, daskarewa take yi.

Ga kuma abin da zai ba ki mamaki. Bayan shekaru, wata Bayarabiya mai kawo goro daga kudu ta sauke kaya a rumfata, na ga leda a cikin kwandonta. Na ce, "Iya, za ki kashe goronki." Ta yi dariya ta ce, "Alhaji ƙarami, kai a wane gari kake?" Ta nuna mini. Sai an bar sabon goro a buɗaɗɗen kwando ya gama zufarsa tukuna, sannan a sa leda, ledar ma a huda ta, a shimfiɗa ganye kaɗan a ciki. Yau kowa haka yake yi, ni ma haka nake yi. Ashe ledata ba ƙarya ba ce. Rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin yana hannun Baba Gado, ya ma faɗa mini shi da bakinsa a gaban mutane, na mai da shi abin dariya. Da na zauna da shi mun ɗaure huhu ɗaya tare, da mu biyu mun gano abin nan tun kina goye.

Ban ce Metir Woru bai yi kuskure ba. In kin ce ya koyar da numfashin ganye ba daidai ba, na yarda, ke kika sani. Abin da nake tambaya shi ne, wane rabi ne a hannunsa? An ce ku je ku yi aiki tare da malaman ƙauye. Kalmar "tare" na ji a takardar da aka aiko miki, kin karanta mana ita ranar da ta zo, innarki har ta yi guɗa.

Sai maganar akwatin da ke kulle. Wannan ta fi ba ki haushi, na ji a muryarki. Ni kuwa da na ji sai na ga kaina. Bayan abin da ya faru a Jugu na yi shekaru ina tsoron duk wani sabon abu. Kin tuna baƙin keken nan? Ba za ki tuna zuwansa ba. Na saye shi sabo, na rataye shi a ɗaki da takardarsa, wata shida ina hawan tsohon da sarƙarsa ke zamewa. Innarki ta gaji ta ce, "Malam, keken nan amarya ce? In kai mata ruwan wanka?" Na ce ina jira hanya ta bushe. Ta ce, "Hanya ta bushe tun watan jiya, kai ne ba ka bushe ba." Gaskiya ta faɗa. Mutumin da ya taɓa ɓata abu aka yi masa dariya, kulle abu yake yi. Ba don ba ya so ba. Don kada a ce shi ne.

Ki bincika a hankali. Wataƙila ranar da aka kawo akwatin an sa shi ya sa hannu, aka ce in kwalba ɗaya ta fashe shi za a tambaya. Wataƙila an turo kayan ba a turo mai nuna yadda ake aiki da su ba, shi kuma dattijo ne, ba zai tsaya gaban yara yana juya abu bai san kansa da gindinsa ba. In haka ne, ki ce wa direkta a rubuta sunanki, duk abin da ya fashe ke ce. Sannan kada ki buɗe akwatin a gaban aji. Ki buɗe shi ranar da babu yara, ke da Metir Woru kaɗai, ki ba shi guduma shi ya cire ƙusar. Madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ki bari ya sa idonsa ya gani har ya ƙoshi, ya yi kuskurensa babu mai kallo. Ranar da za a nuna wa yara, shi ya nuna, ke ki tsaya a baya kina miƙa masa kaya. Ke shekara ɗaya za ki yi ki koma jami'a. In ke kaɗai kika iya, ranar da kika hau mota za a mai da ƙusa.

Kuskure na uku ke na yi wa, ban sani ba ko kin riƙe shi. Kina da shekara tara. Kika tara kwalaben kinin guda biyar a bayan rumfa, kowacce da goro a ciki, kin toshe bakinsu da tsumma. Wata rana ina ciniki da wasu Fulani kika zo kika ja mini riga. Kika ce, "Baba, ka ce goro ne ke haifar sankara. To me ya sa wannan ya yi, waɗannan ba su yi ba? Na ga ɗan rami a jikinsa tun kafin in sa shi. Wani abu ne ya shiga." Fulanin suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Mai goro, 'yarka ta fi ka sanin goro." Wasa yake yi. Ni kuwa sai na ji zauren Jugu ya dawo mini. Na daka miki tsawa, na ce kina ɓata mini kaya, na kwashe kwalaben na watsa a kwata.

Ba ki yi kuka ba. Kin tsaya kina kallon kwatar. Daga ranar kika daina kawo mini tambaya. Kina gaishe ni, kina kawo mini abinci rumfa, kina dariya da ni, amma tambayoyinki sai kika kai wa wasu. Na lura, Uwata. Shekara da shekaru ina lura. Duk ranar da kika dawo daga lakwal kina ba innarki labarin abin da kuka gwada, ina jin ku daga zaure, ina so in shigo in ce ni ma a faɗa mini, ban san ta inda zan fara ba. Kuma ke ce da gaskiya, wani abu ne ke shiga. Ki yafe mini kwalabenki. Wannan haƙurin dai na ba da shi mai shi tana raye.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: za a yi ranar da wani yaron Pelebina, ɗan manomi ko ɗan makiyayi, zai ɗaga hannu ya ce abin da kika faɗa ba haka yake a gonarsu ba, ko a garkensu. Ajin zai yi dariya. A wannan lokacin ki tuna da ni, ki yi akasin abin da na yi. Ki ce ya kawo ki gani. Yaran nan sun san doya da ƙasa da ciwon shanu tun kafin su san tablo, allon aji. Ki koyi gaisuwa da Yom, harshen mutanen can, da Fulatanci tun makon farko, ko za su yi miki dariya. Gara su yi dariyar bakinki da su ji tsoronsa. Kuma kada ki taɓa yin Faransanci a kan mutum yana tsaye, don kin san ba ya ji.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na ji a labarinki wanda ke ba ki ji ba. Da kika dawo daga makon nan, kin zo da doya shida manya, kika ce Metir Woru ne ya ɗauro miki a kekensa har bakin hanya, ya tsaya a rana sai da mota ta zo. Kin ce, kina dariya, in yana kiran suna sai ya haɗa da na uban yaro da unguwarsu, har kiran suna ya cinye rabin darasi. Kin kuma ce abin da ya ba ki mamaki 'yan mata sun cika benci biyu a ajinsa, har da 'yan Fulani biyu, alhali Odet ta ji a Seru ba su kai haka ba. Kika wuce maganar kamar ba komai.

Ni na san ƙauyukan nan, na yi tallan goro a cikinsu a kan keke. 'Ya mace ba ta kaiwa kwaleji a can don an buga ƙararrawa. Sai wani ya je gidan ubanta ya zauna a kan gungume, ya sha ruwan da aka ba shi, aka ce masa a'a, ya koma, ya sake komawa. Ni ma da na bar ki kika wuce, sai da wata malama ta yi mini sawu huɗu a rumfa. Wa ya yi wa 'yan matan Pelebina wannan sawun? Ki tambaya. In shi ne, to ranar da aka karɓe darasi daga hannunsa aka kunyata shi a garin, iyayen nan ba jami'a suka ba 'ya'yansu ba, shi suka ba. Ina tsoron ki buɗe akwatinki ki sami benci biyu babu kowa.

Jiya na faɗa wa innarki abin da na yi da ambulan. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "An aike ka posta, ka naɗa kanka alƙali."

Na ce ba hukunci na yanke ba, jinkirtawa na yi.

Ta ce, "Yarinyar nan ta yi shekara nawa tana karatu? Kai da aji ukunka za ka tace mata takarda? In yaran can suka faɗi jarrabawa saboda tsohon kaye, kai za ka je ka ba iyayensu haƙuri? Kai da ba ka iya ba da haƙuri ba?"

Wannan ta shige ni, don ta san inda ta nufa. Can ta ce, "Ka mai da mata abinta, ka faɗa mata gaskiya. In ta yi fushi, ka sha."

Ta fi ni gaskiya, kuma na yi tunanin maganarta. Yaran nan su ma 'ya'yan wasu ne, shekararsu ba ta dawowa. Ba don mugunta kika rubuta ba, don su kika rubuta, na sani. Mai yiwuwa ki zauna wata uku ki tarar mutumin ba ya son gyara, ya ƙi akwatin, ya ƙi ki. Akwai irinsu, ba kowane tsoho ne Baba Gado ba. Kuma mai yiwuwa riƙe takardar nan da na yi shi ne kuskurena na huɗu, wanda zan ba jikokina labari. Amana kika ba ni ban cika ba. Ban da hujja a kan wannan, sai dai in ce ki yafe.

To ga abinki. Tambur yana kai, posta tana Jugu, ranar kasuwa mota ba ta yankewa. Ba zan tambaye ki ko kin aika ba, ba kuma zan sa innarki ta tambaya ba. Da so na ne, ki bar shi a ƙasan akwati har hutun farko, ki ga mutumin da rani da damina, ba da idon baƙuwar mako ɗaya ba. Amma in kin ga ba zai jira ba, abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki jefa, ki je gidansa, ba lakwal ba. Ki gaishe shi yadda kike gaishe ni, ki zauna, ku biyu, babu yara, babu direkta, babu Odet. Ki buɗe ambulan ɗin ki karanta masa da bakinki, tun daga sunansa har inda kika ce a karɓe darasin, ki kuma tsaya ki ji abin da zai ce. Duk layin da kika iya karanta masa kina kallon fuskarsa, gaskiya ne, ki bar shi. Wanda ya maƙale miki a wuya, ki soke. Abin da ya rage ki aika, ni zan fara cewa kin yi daidai.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga zazzaɓi da maciji da bakin mutane, ya tsare mutane daga kaifin bakinki, wanda a wurina kika gada. Ya sa yaran nan su amfana da ke, ke ma ki amfana da su. Ya ji ƙan kakanki Alhaji, ya ji ƙan Baba Gado, ya kai haske kabarinsu. Ki riƙe salla, ki rufe ruwan shanki, ki ci abinci ko ba ki jin yunwa. Ki gaishe mini da Metir Woru, ki ce wani mai goro a Paraku ya ci doyarsa, ya gode.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Mamman mai goro